Farantin Inna Dije

Duk wata sai na samu mutum biyu ko uku cikinku sun biyo ni har gida nan unguwar Edmonton a Landan, ko sun tare ni a bakin masallaci ranar Juma'a, da magana guda: "Anti Binta, ki ɗauke ni aiki mana. Ke kam kin more, kullum kina Istanbul." To, na more. Ku zo ku ga gwiwoyina da safe kafin in shafa musu man zafi, sannan mu yi maganar morewa. Shekara goma sha tara ke nan ina kwasar mutanenmu daga Landan ina kai su yawon buɗe ido Turkiyya, kuma har yau ban taɓa tsayawa na ƙare wa rufin masallaci ɗaya kallo na minti biyar cur ba. Ku hotuna kuke gani a waya. Ni bayan mutane nake gani, da ƙafafunsu, da wanda ya fara ɗingishi.

Ban shigo sana'ar da niyya ba. Shara da goge-goge nake yi a wani ɗan shagon sayar da tikitin jirgi, na wata Baturkiya da kowa ke kira Fatma Abla, wato Yaya Fatma. Wata rana wani Alhaji ya shigo da iyalinsa, Turancinsa ya ƙare a tsakiyar ciniki, sai na jingine tsintsiya na yi musu tafinta. Kafin sati ya zagayo ta ce in bar shara in zauna a tebur. Bayan shekara guda ta tafi da ni Istanbul, ni kuwa har da sabon leshi, a zatona hutu za ni. Washegari da safe ta miƙo mini agogo ta ce in taka daga otal zuwa babban masallacin nan mai shuɗin tayil, amma da tafiyar tsohuwa mai ciwon baya. Na je na dawo na ce minti goma sha biyu. Ta ce ƙarya nake, in koma. Sai da na yi sawu uku, na kawo mata minti ashirin da biyar, tare da lissafin banɗaki nawa ne a hanya, wanne ne mai tsabta, da inda ake samun dakalin zama a inuwa, sannan ta bar ni na sha shayi.

Ita ce ta koya mini cewa gaba ba wurina ba ne. Gaba na ɗan jagora ne, ɗan gari mai lasisi, wanda zai ɗaga tuta yana zuba tarihin sarakuna da shekarun da aka yi ana ginin kaza. Ni wurina can baya, kusa da wanda ya fi kowa nawa. Fatma Abla mace ce mai faɗa, ba ta taɓa ce mini sannu ba, amma ba ta taɓa ɓatar da mutum ba, ni ma ban taɓa ba.

Kayan aikina ba su da kyan gani. Takalmi ne na farko, mai faɗin baki irin na ma'aikatan asibiti, don titunan tsohon garin da duwatsu aka shimfiɗa su, ga hawa ga gangara, kuma in aka ɗan yi yayyafi santsinsu ya fi na sabulu. Sai jakar goyo, wadda a cikinta akwai ƙaramar buta, da ledojin zuba takalma a ƙofar masallaci, da gyale biyu na aro saboda 'yan matanmu haihuwar nan da kan fito kai ba ɗankwali, da filasta, da dabino, da kwalbar yaji. Kowane mutum ina rataya masa kati a wuya mai sunan otal da lambata, ko da kuwa farfesa ne. Akwai kuma 'yar kujera mai naɗewa da nake saɓawa a kafaɗa. Ita ta lalata mini wannan kafaɗar ta hagu, amma ta fi duk sauran kayan amfani.

Mutanen da nake ɗauka kuwa, kowa da abin da ya kawo shi. Akwai 'yan kasuwa, waɗanda da an shiga babbar kasuwar nan mai rufi sai su narke kamar gishiri a miya. Ka ce ƙarfe uku a ƙofa kaza, ƙarfe huɗu ka tarar da Hajiya a shagon labule tana shan shayin mai shago, tana ce maka, "Yanzun nan zan fito." Akwai masu kallon fina-finan Turkiyya, da ke son a nuna musu gidan da wance ta yi kuka a bakin ruwa. Akwai ma'aurata da suka taho da rigimarsu tun daga gida, su ƙarasa ta a cikin jirgin ruwa a gaban jama'a. Sai kuma tsofaffi, iyayen da 'ya'yansu suka kawo su Landan ganin jikoki, aka ce bari a fita da su su sha iska. Su ba ruwansu da fada ko kasuwa. Abu ɗaya suke tambaya tun a filin jirgi: yaushe za a kai su ziyarar sahabin nan da ke kwance a gefen garin. Su ne suka fi sauƙin sha'ani a baki, kuma su ne suka fi wuyar riƙo, don tsohon Bahaushe ko ƙafarsa ta kumbura ta cika takalmi, ka tambaye shi sai ya ce lafiya lau.

Shekarar korona ita ta karya ni. Waya ta yi shiru, Fatma Abla ta rufe shago ta koma garinsu, ni kuma na shiga aiki a gidan kula da tsofaffi, ina ɗaga Turawa ina kwantarwa har kusan shekara biyu. Da aka buɗe hanya na dawo ni kaɗai, ba shago, ba mai yi mini faɗa, daga ni sai waya a kan teburin kicin. Ƙa'idata mutum goma sha biyar ce. A tafiyar farko na kwashi ashirin da shida, saboda kowa ya gaji da zaman gida, ni kuma na gaji da zama ba sana'a. Kwaɗayi ne, ba sai an gaya mini ba.

A cikinsu akwai wani Nasir, injiniya, yaro mai hankali da aka kawo Landan tun yana ɗan shekara shida. Ya biya wa mutum uku: shi, da matarsa Hadiza wadda nas ce, da mahaifiyarta Inna Dije, da ta zo daga wani ƙauye a bayan Malumfashi. Saura kwana biyu tafiya ya kira ni.

"Anti, an yi cancel ɗin leave ɗin Hadiza. Amma ni da Mama za mu zo. Tun da ta sauka maganar ziyarar nan take yi, ba zan iya ce mata an fasa ba. Na yi mata booking ɗin single room, kuma please a ba mu table namu daban, kada hayaniya ta dame ta."

Na ce masa Allah ya yi albarka, har ina yabonsa a raina. Da Fatma Abla tana nan, da ta tambaye ni wa zai kwana da tsohuwar, don ni tsofaffin mata biyu-biyu nake haɗawa a ɗaki. Ban tsaya tunanin ba, fasfo ashirin da shida ne a gabana.

Inna Dije 'yar ƙaramar mace ce, mai hijabi har ƙasa da carbi a hannu. A filin jirgi na tambaye ta labarin Hadiza, ta ce, "Yarinyar tana lafiya." Ko sunanta ba ta kama ba, don 'yar fari ce. Shi kuwa Nasir "Injiniya" take ce masa, tana magana tana kallon gefe. Ta nuna mini ƙullin maganinta na ciwon sukari, ta ce ba ta wasa da shi, safe da yamma. Sannan ta riƙo hannuna ta ce, "'Yar nan, ranar yaushe ne sahabin?" Na ce ranar Laraba, kwana na uku. Ta ce, "Allah ya kai mu. Mijina har ya rasu yana ambaton wurin, wani malami ne ya ba shi labari. Ni ce Allah ya nufa."

Ban taɓa ganin suruki mai hidima irin Nasir ba. Hadiza ta ce masa kada ya matsa daga gefen uwarta, shi kuwa ya riƙe maganar kamar karatu. Da safe shi zai ƙwanƙwasa mata ƙofa, ya sauko da ita, ya ja mata kujera a teburinsu na bakin taga, ya ciko mata faranti da ƙwai da burodi da zaitun, ya zauna daf da ita yana fuskantarta. Da rana haka, da yamma haka. Har naman yake yanka mata ƙanana.

Ranar farko na wuce ta teburin na ga farantinta yadda aka kawo shi. Na ce, "Inna, ba a ci ba?" Ta ce, "Alhamdu lillahi, na ƙoshi." Na ce a raina abincin Turkawa ne, ba yaji ba mai, ba sabon abu ba ne. Na zaro kwalbar yajina na dire mata, na wuce neman wasu 'yan mata biyu da suka tafi ɗaukar hoto da kyanwa. Rana ta biyu muka zaga fadar sarakuna da tsohuwar rijiyar nan ta ƙarƙashin ƙasa mai ginshiƙai, muka hau jirgin ruwa. Ina ganin Inna a zaune da burodin nan mai riɗi a cinya, Nasir ya saya mata, shi yana gefe yana cin nasa yana nuna mata tsuntsaye. Da muka sauka burodin yana nan. Na gani da idona. Na ce gajiya ce.

Ranar Laraba ta riga kowa saukowa, da sabon hijabi fari. Motarmu ta ajiye mu nesa kaɗan, don ba a shiga da mota har bakin wurin. Ina baya kamar kullum, ita da Nasir suna gabana. Na lura tafiyarta ta sauya, tana jan ƙafa, gumi na tsattsafo mata alhali garin da sanyi. Na ce, "Inna, ga kujera, a ɗan zauna." Ta ce, "Lafiya lau, ai mun iso." Kuma da gaske mun iso. Ga ƙofar harabar, ga ƙatuwar bishiyar nan, ga tattabaru, ga layin mata masu shiga. Bai fi taku talatin ba. Nan ta sulale kamar zanen da ya zame daga igiya.

Na tura mata dabino a baki bai shiga ba. Ɗan jagoranmu ya kira motar asibiti, Nasir yana ta "Mama, Mama". Na damƙa wa ɗan jagora sauran mutanen, abin da ban taɓa yi ba, na bi motar. A hanyar fita wata Hajiya Ladi daga cikin ayarin ta jawo gyalena ta ce, "Binta, ai tun shekaranjiya nake kallonta. Wace tsohuwa ce za ta buɗe baki ta ci abinci a gaban mijin 'yarta? Na ɗauka kin sani, kina kai mata ɗaki."

Wallahi sai da na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Ni da aka haifa a Zariya, ni da kakata ko ruwa ba ta sha in mijin gwaggona yana tsakar gida. Shekarun Landan sun goge mini abin da yarinya 'yar shekara goma ta sani a gida. Kwana uku baiwar Allah tana shan maganin sukari a kan shayi da biskit ɗin jirgi, ni kuma ina bi ta gefenta da kwalbar yaji.

A asibiti aka yi mata ƙarin ruwa, kafin la'asar ta buɗe ido. Likita ya ce sukarinta ne ya faɗi, ta ci abinci ta huta. Aka kawo tire, Nasir ya gyara zama ya ɗauki cokali zai ba ta a baki. Ta juya fuska bango. Na ce masa, "Nasir, je ka kira Hadiza ka kwantar mata da hankali, kuma ka nemo mana ruwan roba a waje. Kada ka yi sauri." Yana fita na rufe ƙofa, na jawo labule. Na tura mata tiren. Ta dube ni, ta dubi ƙofa, ta sa hannu. Ta shanye miyar, ta cinye shinkafar, ta bi da burodi ta suɗe kwanon. Ni kuwa na juya ina gyaran jakar da ba abin da ya same ta.

Da ta gama ta ce, "'Yar nan, kada ki gaya masa."

Na ce, "Inna, ai gara ya sani, don gaba."

Ta ce, "A'a. Yaron nan tun da na zo bai taɓa ɗaga mini murya ba. Takalmina ma shi yake ɗauka. Bai sani ba ne, a nan ya tashi. In ya ji cewa zamansa ne ya kayar da ni, da wane ido zai ƙara kallona? Kuma yarinyar za ta ce laifinta ne. Ki bar shi."

Na yi mata alkawari, ban san abin da zai jawo ba.

An sallame ta ranar Alhamis. Jirginmu sai Juma'a da yamma, wato akwai safiya guda a hannuna. Na shirya komai: tasi har inda mota ke iya kaiwa, keken marasa lafiya daga otal, awa biyu mu je mu dawo. Tun daga asibiti nake kai mata abinci ɗaki da kaina, ƙarfinta ya dawo, har tana yi mini tsiya wai yajina ba ya da kuzari. Na sami Nasir a harabar otal na gaya masa shirin. Ya girgiza kai.

"No, Anti. Ba zan yi risking ba. Matar da ta yi three days ba ta iya cin komai, haka kawai? Akwai abin da ke damunta wanda ba su gano ba. Ko yau da safe na kai mata breakfast ɗaki na zauna, ko taɓawa ba ta yi ba. Hadiza ta yi mata booking ɗin GP, likitanmu na Landan, ranar Monday. Daga bed sai airport."

Na ce lafiyarta ƙalau, ni na sani. Ya ce, "Ta yaya kika sani?" Magana ɗaya ce za ta buɗe mana hanya, kuma ita ce aka hana ni faɗa.

Na hau sama na sami Inna a kan sallaya. Na ce, "Inna, ya hana. Yana tsoron wata cuta ce ta hana ki cin abinci. In kin yarda in gaya masa gaskiya, yanzu za mu tafi, tasi na jira. In ba ki yarda ba, shi ke nan, sai filin jirgi." Ta daɗe tana jan carbi. Na ƙara da cewa, "Taku talatin ya rage miki ranar nan."

Ta ce, "Na gani ai. Na ga bishiyar." Sannan ta ce, "Shi wanda ke kwance can ba ya bukatar zuwana, Allah ya ga niyyata. Wannan kuwa da shi 'yata take zaune. Sallami mai motar."

Na sauka na sallame shi. Na ji haushinta, na ji haushin Nasir, amma haushin kaina ya fi, don da na yi aikina tun daren farko da babu wanda zai zaɓi komai. Tun daga wannan tafiyar ban ƙara wuce mutum goma sha biyar ba, kuma kafin in karɓi fasfon kowa sai na tambaya wa ye surukin wa. Tebur kuwa na raba, maza daban mata daban, in matasa sun yi ƙorafi in ce dokar otal ce. Ku da kuke son aikin, wannan shi ne aikin. Tarihin gini kowa zai iya haddacewa a waya.

A filin jirgi Nasir ya sayo mata burodi da kaza, ya zauna kusa da ita yana lallashi: "Mama, ki daure ki ci ko kaɗan ne." Ta karɓa da hannu biyu, ta yi masa addu'a, ta ajiye a cinya. Na aike shi ya dubo mana ko an sauya ƙofar shiga jirgi, can ƙarshen ginin. Ta juya baya ga jama'a ta ci da sauri. Da ta goge baki sai ta matso ta ce, "Ke da kike shiga wurin sahabin kullum, yaya cikin yake?"

Na shiga wurin ya fi sau hamsin. Na tsaya ina lalube a kaina, ba abin da na samu sai inda ake ajiye takalma, da matakalar da tsofaffi ke tuntuɓe a kanta, da ƙofar da ta fi saurin fita. Na ce mata akwai tayil masu kyau, akwai ƙamshi, mutane suna addu'a a hankali. Ta jira in ci gaba, ba ni da sauran abin faɗa.

Ta gyaɗa kai ta ce, "Allah sarki. Ashe ke ma ba ki gani ba."

Bayan wata biyu bizarta ta ƙare ta koma gida, ba ta sake fitowa ba.